Aikin sa-kai da iyali a gidan marasa matsuguni lokacin dusar ƙanƙara

A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke lulluɓe gari a ƙarshen shekara, irin su Amurka da Kanada da arewacin Turai, wayar gidajen kwanan marasa matsuguni ba ta hutawa da zarar Nuwamba ya raba. Kowa so yake ya zo da iyalinsa su raba abinci ranar Kirsimeti. Buƙatar kuwa ta gaske ce. Ƙidayar da ma'aikatar gidaje ta Amurka ta tattara ta dare ɗaya a Janairun 2024 ta nuna mutum sama da 770,000 ba su da gida, wasu a gidajen kwana, wasu a titi. Sai dai iyalin da suka zo ba shiri, da yaran da ba a faɗa musu abin da za su tarar ba, da jakunkunan kayan da ba wanda ya nema, sukan zama ƙarin nauyi a kan ma'aikatan da dama can a gajiye suke. Gidan yana da tsarinsa tun kafin ku zo, aikinku shi ne ku shiga cikin tsarin nan ku ɗauki ɓangaren da aka rasa mai ɗauka.

Kiran farko

Ku kira tun Oktoba. Wanda ya jira sai makon Kirsimeti zai tarar an cike guraben, musamman na ranar 25 ga Disamba da na bikin Thanksgiving, wanda ake yi Alhamis ta huɗu a Nuwamba a Amurka. A Amurka da Kanada lambar 211 za ta haɗa ku da gidajen kwana da wuraren ciyarwa na yankinku. A Birtaniya akwai ƙungiyoyi irin su Crisis, wadda aka kafa a 1967, tana buɗe cibiyoyi na musamman a lokacin Kirsimeti, ita ma rajista ake yi tun da wuri. Ƙungiyar agaji ta Salvation Army na da gidaje a duk ƙasashen nan.

In kun samu jami'in da ke kula da 'yan sa-kai, farkon abin tambaya shi ne shekarun yara. Wurare da yawa ba sa barin wanda bai kai 16 ko 18 ba ya shiga kicin ko ya tsaya a layin rabo, wasu kuma sukan karɓi ɗan shekara 12 in yana tare da mahaifi ko mahaifiya. Inshora da dokar kare yara ne suka ɗaure su, don haka roƙo ba ya canza amsar. Daga nan ku tambayi ko ana binciken tarihin mutum kafin a karɓe shi. A Ingila binciken DBS ake cewa, a Kanada takardar 'yan sanda ake nema, kuma yana iya cin makonni. Ku tambayi ranar horon sababbin zuwa, da tsawon zangon aiki (galibi awa uku zuwa huɗu ne), da inda ake ajiye mota, da lambar da za a kira in hanya ta toshe.

Sai babbar tambayar da mutane ba su cika yi ba: wace rana ce kuka fi rasa hannu? Kusan ko'ina amsar ɗaya ce. Daga 26 ga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu masu zuwa sukan watse, gudummawa ta ja baya, alhali a lokacin ne sanyi ke kai maƙura. A ganinmu, iyalin da suka ɗauki Asabar uku a Janairu sun fi amfanar gidan a kan iyalin da suka cusa kansu cikin mutum hamsin da ke cinkoso a kicin ranar Kirsimeti. In ranar bikin ce kawai kuke da sarari, ku karɓi zangon da ba a rububinsa, wato na asuba ko na wanke-wanke bayan an tashi.

Abin da za a faɗa wa yara

Kada yaro ya fara jin labarin a cikin mota. Kwana biyu ko uku kafin ranar, a zauna da shi a yi masa bayani daidai hankalinsa: mutanen da zai gani ba su da gidan kwana a yanzu, wasu aiki suka rasa, wasu kuɗin haya ne ya fi ƙarfinsu, wasu ciwo ne, wasu gudu suka yi daga gidan da ake dukansu. Akwai masu zuwa aiki kullum su dawo nan su kwana. A gaya masa zai iya jin warin jiki ko na giya, zai iya ganin mai magana shi kaɗai ko mai ɗaga murya, kuma ba a nuna mutum da yatsa, ba a toshe hanci, ba a ƙura ido. In yana da tambaya ya riƙe ta sai an koma mota.

Ƙa'idoji uku ne ba a sassauta su. Yaro ba ya barin inda idon babba ke kaiwa, ko banɗaki ne a raka shi. Ba ya faɗin sunan makarantarsa ko adireshin gida. Ba ya taɓa allura ko reza ko wani abu mai jini da ya gani a ƙasa, ma'aikaci zai kira.

Yaran da shekarunsu ba su kai ba suna da aiki a gida, kuma aiki ne na gaske: haɗa ƙunshin kayan tsabta, ware safa biyu-biyu bisa girma, rubuta katin gaisuwa. A katin a sa sunan farko kawai, a kuma rubuta gaisuwar da za ta dace da mai kowane addini.

Kayan da za a kai

Ku nemi jerin abubuwan da gidan ke buƙata a makon, ku tsaya a kansa. Ɗakin ajiyarsu ƙarami ne, kuma duk buhun tsofaffin tufafin da aka sauke musu ba tambaya, wani ne zai ɓata awa biyu yana tsincewa.

Safa ce kan gaba, sabuwa, mai kauri, ta ulu ko gaurayen ulu. Dalili shi ne auduga in ta jiƙe tana riƙe ruwa ta janye ɗumin jiki, ulu kuwa ko da danshi yana ɗan riƙe zafi. Mutumin da ya yini cikin dusar da ta narke da safa ɗaya, ƙafarsa za ta yi fari, ta tattare, ta kumbura, fata ta fara saɓulewa, kuma wannan na faruwa ko sanyin bai kai na daskarewa ba. Bayan safa sai sababbin kamfai da singileti, da dogon wandon ciki na sanyi, da safar hannu mai hana ruwa shiga, da hular ulu, da takalmin sanyi. Ku fi sayen manyan lambobi na maza, domin su suka fi ƙarewa, kayan yara da na mata ne suka fi yawa a cikin abin da jama'a ke kawowa. Launi mai duhu ya fi, ba ya saurin nuna datti, ba ya kuma jawo ido ga mai kwana a waje. Jaket in kwance ce, a wanke ta, a duba zif yana ja, a zazzage aljihu.

Ƙunshin tsabta kuma a yi shi a leda mai zif wadda ake ganin cikinta: buroshi da ƙaramin man goge baki, sabulu, man shafawa, man leɓe, tsumman goge jiki mai danshi, filasta, abin yanke farce, audugar mata. Sabulu a naɗe shi daban, in ba haka ba ƙamshinsa zai kama duk abin ci da aka haɗa da shi. Ruwan kurkure baki mai sinadarin barasa kada ya shiga, gidaje da yawa ba sa karɓa saboda masu fama da shaye-shaye. Reza da magunguna sai an tambaya. 'Yan ƙunshin ɗumama hannu da ake girgizawa su yi zafi suna da amfani ƙwarai, haka tikitin bas da cajar waya. Kyautar biki kada ku naɗe ta, dole ma'aikata su ga abin da ke ciki, in kuna so ku kai takardar naɗi daban.

Hanya

Ranar da dusa ta fi zuba ita ce ranar da gidan ya fi cika, ita ce kuma ranar da 'yan sa-kai suka fi kasa zuwa. A birnin New York, in sanyi ya kai digiri 32 na Faranhait ko ƙasa, wato sifili a ma'aunin Salshiyas, ana shelar Code Blue, a sassauta sharuɗɗan karɓar mutane a gidajen kwana. A Ingila ƙananan hukumomi na da irin wannan tsari mai suna SWEP. Ma'ana, a irin daren nan za ku tarar da baƙi fiye da lissafi.

Ku ninka lokacin tafiyarku. A kan ƙanƙara mota na iya buƙatar ninki goma na tazarar da take tsayawa a busasshiyar hanya, kuma gada ce ke fara daskarewa kafin sauran titi. A lardin Quebec doka ta wajabta tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, a sauran wurare ma hankali ya wajabta su. A but ɗin mota a ajiye shebur, da abin kankare gilashi, da bargo, da tocila, da ɗan buhun yashi. In kun maƙale kuna jira da inji a kunne, a fita a share dusar da ta toshe bakin salansa, domin iskar gubar da ke cikin hayaƙin da ke komawa cikin mota ba ta da wari kuma tana kisa. Idan hukuma ta ce kowa ya zauna a gida, ku zauna, amma ku kira tun da wuri don a nemi wanda ke kusa. Shirun da ba a kira ba shi ne abin da ya fi ɓata wa mai tsara aiki rai.

Sutura hawa-hawa za ku yi, saboda bakin ƙofa sanyi ne, kicin kuma gumi. Takalmi rufaffe mara santsi, gashi a ɗaure, zobe da agogo masu tsada su kwana a gida. Duk wanda ya yi amai ko gudawa a gidanku kada ya zo sai ya cika awa 48 da warkewa. Ƙwayar norobairos, mai haddasa amai da gudawa, na bazuwa kamar wutar daji a inda mutane da yawa ke kwana ɗaki ɗaya, kuma man goge hannu mai barasa ba ya kashe ta sosai, sai sabulu da ruwa na daƙiƙa 20.

Kicin

A nan ne kuskure ya fi tsada, don haka za mu daɗe a kai. Masu cin abincin nan da yawa jikinsu ya riga ya raunana, akwai tsofaffi, akwai masu ciwon suga, kuma wanda cikinsa ya ɓaci ba shi da banɗakin kansa da zai yini yana shiga.

Abincin da aka dafa a gida, wurare da yawa ba sa karɓa. A Amurka dokar Bill Emerson ta 1996 tana kare wanda ya ba da abinci da kyakkyawar niyya daga ƙara, amma ba ta soke ƙa'idojin hukumar lafiya ta gari ba, su ne kuma sukan ce sai abin da aka dafa a kicin mai lasisi. Ku tambaya kafin ku ɗora tukunya.

In an ba ku ɗawainiyar sayayya, ga ma'aunin da za a kama da shi na mutum 80. Ɗanyar shinkafa giram 70 kowane kai, kilo shida ke nan a dunƙule. Dankali giram 200, kilo 16. Kayan lambu giram 100, kilo takwas. Miya mai zafi ta sha mililita 350, lita 28. Talotalo sukutum da ƙashinsa a lissafa rabin kilo kowane mutum, wato guda shida masu kilo bakwai-bakwai. Burodi ƙanana biyu-biyu. Kofi da shayi kuwa kada ku yi musu ƙwauro, a daren sanyi mutum kan sha kofi biyu ko uku, a tanadi aƙalla lita 40, da suga fiye da yadda kuke zato. In an yi hasashen guguwar dusa, a ƙara kashi 15 cikin ɗari a kan komai.

Talotalo shi ne ya fi ba sababbin masu girki kunya, kuma tun daga narkarwa matsalar ke farawa. A firji, kowane kilo biyu na buƙatar kusan awa 24, don haka mai kilo bakwai zai ci kwana uku zuwa huɗu, a ɗora shi a tire a can ƙasan firji don ruwansa kada ya ɗiga kan wani abinci. In lokaci ya ƙure, a nutsa shi cikin ruwan sanyi yana cikin ledarsa, ana canza ruwan duk rabin awa, a lissafa kamar awa ɗaya kowane kilo, a kuma dafa shi nan take. Barinsa a kan tebur ya kwana haɗari ne, bayansa zai yi ɗumi ƙwayoyin cuta su hayayyafa alhali cikinsa dutse ne. Wajen gashi kuma launin fata ba shaida ba ce. A soka ma'aunin zafi a inda cinya ta fi kauri ba tare da ya taɓa ƙashi ba, a sake sokawa a ƙirji, sai ya nuna digiri 74 na Salshiyas, wato 165 na Faranhait.

Bayan dahuwa sai riƙon zafi. Ƙa'idar kowace ƙasa ta ɗan bambanta, digiri 57 na Salshiyas a Amurka, 60 a Kanada, 63 a Birtaniya, in kuka riƙe 63 kun tsira a ko'ina. Abincin sanyi kuma ya zauna a digiri 4 ko ƙasa. Abin da ya fita daga waɗannan iyakoki ya wuce awa biyu, kwandon shara ne makomarsa, komai kyawunsa a ido. Kwanonin ƙarfen nan da ake kunna wa 'yar wuta a ƙasa aikinsu riƙe zafin da abinci ya zo da shi, ba sa ɗumama mai sanyi. A zuba musu ruwan zafi tun farko, a ɗora abincin yana tururi. Kwano in ya kusa ƙarewa a ɗauke shi gaba ɗaya a kawo sabo, kada a juye sabo a kan tsoho.

Ragowa kuma tana da nata tarkon. Babbar tukunyar miya ko romon nama in aka tura ta firji yadda take, tsakiyarta zai kwana da ɗumi. A irin wannan ɗumin ne ƙwayar Clostridium perfringens ke yaɗuwa, kuma a Amurka ɓarkewar cutarta ya fi yawa a Nuwamba da Disamba, lokacin manyan girke-girken biki. A rarraba abincin a kwanoni masu faɗi, zurfinsa kada ya wuce santimita biyar, ya sauko zuwa digiri 21 cikin awa biyu, sannan zuwa 5 cikin awa huɗu na gaba. A manna takarda da suna da kwanan wata. Shinkafa ta fi komai son a hanzarta, domin gubar da ƙwayar cikinta ke fitarwa ba ta mutuwa da sake ɗumamawa. Duk abin da za a sake ɗumamawa ya kai 74, kuma sau ɗaya tak.

Kowane kwano a layi ya kasance da takardar abin da ke ciki. Gyaɗa, madara, ƙwai, alkama, kifi, riɗi da waken soya suna cikin abubuwan da ke tayar wa wasu da borin jini har ya toshe numfashi. In baƙo ya tambaya ba ku da tabbas, ku kira mai girki, kada ku yi hasashe. A tanadi kwano ɗaya mara nama, a kuma bayyana inda naman alade yake, kowane kwano da ludayinsa. Wani abin da ba a cika tunawa da shi ba shi ne haƙori. Baƙi da yawa na fama da ciwon haƙori, shi ya sa za ku ga tuffa da busassun kayan tauna sun rage a tire, ayaba da lemun ɓarewa da dankalin da aka dama kuwa sun ƙare.

Aikin yara manya a kicin: naɗe cokali da cokali mai yatsu a takarda, jera burodi, goge tebura, cika kwanon suga. Wuƙa, man suya, tukunyar ruwan zafi da injin wanke kwanoni na manya ne. Ruwan goge tebur babban cokali ɗaya ne na bilic mara ƙamshi a lita huɗu na ruwa, babba ne zai haɗa, kuma ba a gauraya bilic da wani sinadarin wanki ko kaɗan, iskar da ke tashi guba ce.

Layin rabo

Gidaje da yawa baƙi suke kiran masu zuwa cin abinci, ku ma ku kira su haka, ku kuma karɓe su yadda ake karɓar baƙo. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. A kalli mutum, a gaishe shi, a tambaye shi me zai ci kafin a zuba. Wanda ya yini ana ce masa tashi daga nan, koma can, zaɓin cinya ko ƙirji ma wani abu ne a wurinsa. Ludayin da mai girki ya nuna muku shi ne ma'auni. Tausayi kan sa sabon zuwa ya cika wa mutum goma na farko faranti, na ƙarshen layi su tarar da ƙanzo. Ƙari sai kowa ya samu.

In an gama rabo kuma gidan ya yarda, ku ɗauki shayi ku zauna a teburi. Ku yi hirar yanayi, ko ƙwallo, ko abincin. Kada ku tambayi mutum yadda aka yi ya faɗa wannan hali, in yana so shi zai kawo zancen. Wanda ya yi shiru a bar shi da shirunsa, lokacin biki yana fama wa mutane da yawa ciwon rabuwa da 'ya'ya da dangi. Wa'azi ba hurumin ɗan sa-kai ba ne a nan, sai in tsarin gidan ne.

Hoto kuwa babu shi, ko na bayan kai ne. A cikin baƙin akwai matar da ta gudu daga mijin da ke nemanta, akwai wanda abokan aikinsa ba su san inda yake kwana ba. Wayoyin yara su zauna a aljihu. Kada ku ba da kuɗi hannu da hannu, ko lambar waya, ko ku ɗauki wani a mota, ko ku yi alkawarin nemo aiki ko ɗaki. Kyautar da aka yi wa mutum ɗaya a gaban saura tana haddasa rigimar da ma'aikata za su kwana suna kashewa bayan kun tafi. In wani ya nemi taimako, ku raka shi wurin ma'aikacin da ke da alhakin hakan. In faɗa ya tashi, ku janye yara, ku matsa, ku kira ma'aikaci, kada maigida ya ce zai raba. Wanda aka tarar a sume, numfashinsa na ja a hankali, leɓensa ya canza launi, a yi ihun kiran ma'aikaci nan take. Gidaje da yawa na ajiye naloxone, maganin fesawa a hanci da ke farfaɗo da wanda ƙwaya irin ta heroin ko fentanyl ta fi ƙarfinsa, ku tambayi inda yake tun ranar horo.

Bakin ƙofa da cutar sanyi

Mai tsayuwa a ƙofa shi ne farkon mai ganin wanda sanyi ya yi wa illa. Kafin a buɗe, a share dusar matakala da hanyar keken guragu, a watsa gishiri. Gishirin hanya na yau da kullum ƙarfinsa na raguwa in sanyi ya wuce digiri 9 ƙasa da sifili, daga nan sai mai sinadarin calcium chloride, ko yashi don hana santsi. A ciki kuma a sa mutum ɗaya kan goge ruwan da takalma ke shigowa da shi, faɗuwa a jiƙaƙƙen daɓe tana cikin raunin da aka fi samu a irin daren nan.

Idan zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, mutum ya shiga haɗari. Zai yi karkarwa, harshensa ya yi nauyi, ya rikice, ya riƙa tangaɗi, barci na fizgarsa. Duk waɗannan kamannin maye ne, shi ya sa ake kuskuren barinsa a kujera wai ya wartsake. Ko da warin giya a bakinsa, ku ɗauka sanyi ne har sai an tabbatar, domin giya na buɗe jijiyoyin fata, mutum ya ji ɗumi alhali zafin jikinsa zuba yake. In karkarwar ta tsaya kuma bai dawo hayyacinsa ba, abin ya ƙara muni. A kira ma'aikaci da motar asibiti, 911 a Amurka da Kanada, 999 a Birtaniya, 112 a Tarayyar Turai. Kafin su iso a motsa shi a hankali, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe ƙirji da wuya da kai da busasshen bargo. Abin sha mai ɗumi da suga sai in yana farke kuma yana iya haɗiya. Ba a murza masa hannu da ƙafa, ba a sa shi a ruwan zafi.

Daskarewar fata kuma yatsu da kunne da hanci take kamawa. Wurin zai yi fari ko toka-toka, ya yi tauri, ya daina ji. Hukumar yanayi ta Kanada na gargaɗin cewa in sanyi haɗe da iska ya kai 28 zuwa 39 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe na iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Kada a murza, kada a goga dusa a kai, kada a kanga a hita ko a ɗora ƙunshin ɗumama hannu, domin fatar da ba ta ji za ta ƙone mai ita bai sani ba. Ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39 ake amfani da shi, kuma in mutumin zai sake komawa cikin sanyi, gara a bar narkarwar ga asibiti, saboda naman da ya narke ya sake daskarewa ya fi lalacewa. Ƙurajen ruwan da suka taso ba a fasa su.

Rufewa da komawa gida

Zangonku bai ƙare da ƙarewar abinci ba. Wanke-wanke, shara, fitar da bola, naɗe kujeru, duk cikin aikin suke, kuma a nan ne mutane kan sulale. Ku tsaya har mai kula da zangon ya sallame ku, ku gaya masa abin da ya ƙare a sito da duk wani abin da kuka lura da shi game da wani baƙo.

Jaket da jaka tun farko a rataye su a inda aka ware wa 'yan sa-kai, kada a jibge su kan gado ko kujera mai laushi. In kun yi aiki a ɗakin kwana ko wajen tsince tufafi, da isarku gida ku zuba kayan jikinku a injin busarwa da zafi mai ƙarfi na minti 30, wannan na kashe kuɗin cizo da ƙwansa.

A mota a ba yara dama su yi tambayoyin da suka riƙe. Wani zai yi surutu, wani zai yi tsit sai bayan kwana biyu ya tambayi inda tsohon nan mai tari zai kwana. A ba shi amsa ta gaskiya, in kun san gidan na da gado a daren ku faɗa masa, in ba ku da tabbas ku ce za ku tambaya a zuwa na gaba. Ranar 21 ga Disamba, daren da ya fi kowane tsawo a shekara, garuruwa da yawa a Amurka na taron tunawa da marasa matsugunin da suka rasu a shekarar, ana karanta sunayensu, yaran da suka fara girma za su iya halarta. Kafin ku bar harabar ma, ku buɗe kalandar gidan tare da mai tsara aiki, ku sa sunanku a rana ɗaya cikin Janairu da ɗaya cikin Fabrairu, ku kuma tambayi lambar safa da takalmin da suka fi ƙarewa don ku taho da su.